Daga zauren Kona zuwa Samaru: da wane mudu muke auna ilimi?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Kusan duk lokacin da aka fitar da jerin jami'o'in duniya, ko ASUU ta shiga yajin aiki, sai tsohuwar gardamar nan ta dawo a Facebook. Wasu su ce farfesoshi sun cika ƙasa amma ko allura ba su ƙera ba. Malaman jami'a su kuma su ce, wa ya ba mu kuɗin binciken, wa ya ba mu wuta a ɗakin gwaji? Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Amma akwai abin da ban cika ganin an taɓo ba, wato mudun da ake auna aikin malami da shi. Ɗan Adam yana yin abin da ake saka masa a kai ne. In ka gaya wa mai aikin sussuka cewa buhu kawai za ka ƙirga, ba ruwanka da abin da ke ciki, to kada ka yi mamaki in ka kwance ka tarar da ƙaiƙayi.

Ni ba malamin jami'a ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Amma ɗan cikin birnin Zariya ne ni, kuma garin nan ya ga mudu iri uku a cikin shekara ɗari biyu da suka wuce. Ina ganin in mun waiwaye su za mu fi gane inda muka tsaya.

Mudu na farko shi ne na zaure. Tun kafin jihadi akwai unguwannin malamai a cikin ganuwa, irin su Kona da Juma, kuma bayan Malam Musa ya karɓi garin a farkon ƙarni na 19 abin ya ƙara haɓaka. Zariya ta yi suna musamman wajen nahawu da lugga, har ya zamana ɗalibi ya gama fiƙihunsa a wani gari sai a ce masa ya tafi Zazzau ya gyara Larabcinsa. Garin ya fitar da irin su Shehu Umaru Wali a ƙarni na 19, da Shehu Yahuza a ƙarni na 20. Darajar malanta a nan ta kai har yau biyu daga cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau limamai ne, Limamin Juma'a da Limamin Kona.

To, a wancan tsari yaya ake gane malami ya isa? Tambayar farko ita ce, a wurin wa ya yi karatu? Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a hannunsu da abin da ya karanta wurin kowanne. Tambaya ta biyu, wane littafi zai iya bayarwa? Akwai mai ba da Ahalari da Ishmawi, akwai wanda ya kai Risala, akwai wanda ake zuwa wurinsa don Muhtasar ko Alfiyya. Ba shi ke faɗa da bakinsa ba, ɗalibai ke faɗa da ƙafafunsu. In karatunsa ba ya gamsarwa, a hankali zai ga tabarmar zauren ta yi masa yawa. Tambaya ta uku, su wa ya yaye? A ɓangaren Alƙur'ani ma haka ne. Alaramma zai rubuta shi da ka, sannan 'yan'uwansa mahaddata su zauna su bi shi harafi bayan harafi, wasali bayan wasali. Abin da Turawa ke kira tantancewar tsara, ai mun san shi tun kafin a kafa mujalla ko ɗaya a ƙasar nan.

Ba ina cewa tsarin ba shi da aibi ba ne. Ɗan gidan malamai yana da fifikon da ɗan wani gida ba shi da shi. Mata da yawa sun yi karatu mai zurfi a cikin gidaje sun karantar, sunayensu ba su fita waje ba. Kuma tsari ne da ya fi ƙarfi wajen adana ilimi da miƙa shi, bai ba da ƙarfi ga gwaji da neman sabon abu ba. Amma abu guda ba a iya yi a cikinsa: ba a zama babban malami ba tare da wani ya zauna ya saurare ka ba.

Mudu na biyu ya zo da Samaru. A 1922 Turawa suka kafa tashar binciken noma a can, da farko don amfanin kansu, su sami audugar da gyaɗar da masana'antunsu ke so. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba, 1962, sai tashar ta shiga ƙarƙashinta ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda muka fi sani da IAR. A shekaru ashirin na farkon jami'ar an yi wasu ayyuka da ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani.

Ga misali ɗaya. A wancan lokaci malaman gona suna ta fama da manoma kan su daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, su riƙa shuka kowanne daban kamar yadda ake yi a Turai. Manoma suka ƙi. Aka ce jahilci ne da taurin kai. Sai wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, wanda ya zo Samaru a tsakiyar shekarun 1960, ya ce bari a je a auna. Ya zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau: Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi. Ma'aikatansa suka bi manoma shekara guda cur, suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona, da abin da aka kashe, da abin da aka girbe. Da aka yi lissafi sai ga shi manomin ne da gaskiya. Haɗa amfanin gona ya fi kawo riba a kan fili ɗaya, kuma in damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu, in gero ya ƙi dawa za ta yi. Wannan aiki yana cikin tushen abin da duniya ta koma kira binciken tsarin noma, inda ake fara tambayar manomi kafin a ba shi shawara. Ku lura, rahotannin farko na aikin a nan Samaru aka buga su, kuma daga nan duniya ta zo ta ɗauka.

Misali na biyu daga sashen tarihi. Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya rasu a 1984, shi ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa a shekarun 1960. Aka bi gidajen malamai gari-gari ana ɗaukar hoton rubuce-rubucen Larabci da na ajami, waɗanda da gara da ruwan sama sun cinye da yawansu. Shi ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Ta hannunsa irin su Murray Last da Dokta Yusufu Bala Usman suka fito, suka sauya yadda ake karanta tarihin Daular Usmaniyya da na ƙasar Hausa, aka daina ganinsa ta idon rahoton Razdan kaɗai. Amma in ka ƙirga abin da Smith ya buga da sunansa, ba shi da yawa. Sai bayan rasuwarsa, a 1987, aka tattara muhimman maƙalunsa a littafi. Ƙarfinsa ya tafi ne wajen tara takardu da yaye mutane, wato daidai abin da malamin zaure zai gane ya yaba.

A zamanin kuma jami'ar ba ta raina ilimin cikin gari ba. Ta ba Malam Aliyu Namangi, makahon da ya yi Imfiraji, digirin girmamawa, ta kuma ba Mamman Shata a 1988. Tun kafin jami'ar ma, Zariya ta saba mayar da ilimin zamani Hausa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, kuma Abubakar Imam da Rupert East suka yi littattafan Ikon Allah don bayyana wa yara kimiyyar halittu da harshensu. Mudun wannan zamani, in an taƙaita, shi ne: wace tambaya ka amsa, kuma wa ya amfana?

To me ya faru? Kuɗi ya ƙare. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Da aka shigo da SAP a 1986 naira ta faɗi, albashin malami ya zama ba ya kai shi tsakiyar wata, ɗakin karatu ya kasa biyan kuɗin mujallun waje, sinadaran ɗakin gwaji suka ƙare ba a sake saye ba. Ga kuma hannun soja. Bayan kashe ɗalibai a Samaru a watan Mayun 1986, kwamitin da gwamnati ta kafa ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba shi ake biyansu su koyar ba. A 1988 aka kama Patrick Wilmot, malamin sashen nazarin zamantakewa, aka fitar da shi daga ƙasar. A 1995 har janar na soja aka naɗa ya riƙe jami'ar. Baƙin malamai suka tattara suka tafi, namu ma da yawa suka bi su zuwa Amurka, Ingila, Saudiyya da kudancin Afirka.

A cikin wannan hali mudu na uku ya kankama a jami'o'in ƙasar nan baki ɗaya. Babu kuɗin bin manomi shekara guda, babu motar zuwa ƙauye, amma dole a ci gaba da yi wa mutane ƙarin girma. Abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne takarda. Maƙala kaza kafin babban lakcara, kaza kafin farfesa, kowace da makinta, ta waje ta fi ta gida maki. Daga baya aka ƙara da cewa sai mujallar tana cikin rumbun Scopus ko makamancinsa.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba, shigo da shi aka yi. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fito da ƙididdigar yawan ambaton maƙalu a shekarun 1960, kuma makin mujalla da ya biyo baya an yi shi ne don taimaka wa masu kula da ɗakunan karatu su san wace mujalla za su saya. Ba a yi shi don auna mutum ba. A 2005 wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya ƙara da lambar da ake kira h, wadda ke matse rayuwar bincike ta mutum cikin adadi ɗaya. Masu mulkin jami'o'i a ko'ina suka rungume su saboda suna hutar da su karatu.

Sakamakon kuwa duk wanda ke da aboki a jami'a ya san shi. Bincike ɗaya a yanka shi gida uku a buga a wuri uku. Sa sunana a taka, in sa naka a tawa. Ɗalibi ya yi aiki, sunaye biyar su hau kai. Sai kuma 'yan kasuwa suka gano akwai ciniki, suka buɗe mujallun bogi a intanet, ka biya dala yau a buga maka cikin mako, ba wanda ya karanta. A 2013 wani ɗan jarida mai ilimin kimiyya, John Bohannon, ya rubuta maƙalar ƙarya da gangan, cike da kurakuran da ɗalibi ma zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka amsa za su buga. Binciken da aka yi kan irin waɗannan mujallu ya nuna Nijeriya tana sahun gaba a cikin ƙasashen da masu bugawa a cikinsu suka fito. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya bayan an buga su. Malaminmu kuma daga albashinsa yake cire kuɗin bugawar, albashin da bai ishe shi cefane ba.

A gefe guda, aikin da ya fi nauyi yana kwance. Marigayi Dokta Mahmud Modibbo Tukur ya kammala kundin digirinsa na uku a Zariya a 1979, kan yadda Turawa suka ci Daular Usmaniyya da Borno daga 1897 zuwa 1914. Masana tarihi sun daɗe suna ambatonsa a matsayin ɗaya daga cikin manyan ayyukan da aka yi a fagen. Ya rasu a 1988. Ba a buga shi littafi ba sai 2016, shi ma a Dakar. Shekara 37 ke nan. In wannan ya yi irin wannan jira, ina ga dubban kundaye da ke jibge a kan kantoci suna shan ƙura?

Kuma har yanzu ana aikin kirki a Samaru da Shika, kada a ce na ce ba a yi. Bayan cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 da ta lalata gonaki a faɗin Arewa, masu bincike sun yi shekaru suna neman iri mai jure mata, har aka kai ga irin su SAMNUT 24. A 2019 aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Kazar Shika Brown daga NAPRI ta fito. Fitar da iri ɗaya yakan ci shekara goma. A wannan shekara goman wani ya buga maƙala arba'in ya wuce. Matashin malami mai iyali, da ya ga haka, wace hanya kuke jin zai bi?

Nan zan tsaya in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, don tana da ƙarfi. Wani abokina malami ya taɓa ce mini, ƙirgar nan da kake zagi ita ce gatan marar gata. In aka ce kwamiti ne zai zauna ya auna ingancin aiki, to a ƙasar nan ka san abin da zai biyo baya: ɗan wane ne, daga wace jiha, wane masallaci ko coci yake zuwa, ya gaida shugaban sashe ko bai gaida ba. Lamba ba ta san wannan ba. Gaskiya ya faɗa. Haka kuma akwai fannonin da dole a kai aiki gaban duniya. Maganin da za a ba mutane, ko lissafin da za a gina gada a kansa, ba a cewa na gida ne a sassauta masa. Saboda haka duk gyaran da bai magance tsoron son kai ba, ba zai je ko'ina ba.

Amma waɗanda suka ƙirƙiro mudun su da kansu sun fara ajiye shi. A 2012 masana suka haɗu a San Faransisko suka fitar da sanarwar da ake kira DORA, cewa a daina amfani da makin mujalla wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. A 2015 aka fitar da ƙa'idoji goma na Leiden a ƙasar Holan. A 2020 ƙasar Sin ta hana jami'o'inta ba da tukuicin kuɗi don buga maƙala. A 2022 ɗaruruwan jami'o'i da hukumomin bincike, akasari na Turai, suka shiga yarjejeniyar sauya tsarin tantancewa. Abin da ya farkar da su shi ne labarai irin na Katalin Kariko, wadda jami'arta a Amurka ta rage wa matsayi a 1995 saboda ba ta samo tallafin bincike, kuma aikin nata ne ya zama tushen allurar rigakafin korona, har ta sami kyautar Nobel a 2023. Peter Higgs ma, bayan tasa kyautar a 2013, ya faɗa cewa a tsarin yau da wuya a ɗauke shi aiki, don ba ya buga abu da yawa.

To mu me za mu yi? Ga abin da nake gani, kuma ina maraba da gyara daga malamanmu da ke nan.

A rage ƙirga, a ƙara karatu. Mai neman farfesa ya zaɓi ayyukansa biyar da ya fi alfahari da su, ya rubuta shafi biyu kan abin da kowanne ya ƙara wa sani ko ya canza a ƙasa. A aika wa masu tantancewa na waje, a ba shi rahotonsu a rubuce, ya kuma sami damar ɗaukaka ƙara. Rahoton da aka san mai shi zai karanta ya fi wuyar cusa son kai.

A faɗaɗa abin da ake kira aiki. Irin shuka da manoma suka karɓa, kundin sunayen rubuce-rubucen da ke gidajen Kona da Juma, littafin kimiyya da Hausa, bayanan da aka tara aka buɗe wa kowa, ɗaliban da aka yaye suka tsaya da ƙafarsu, duk su sami maki na gaske. Ku tuna Masallacin Juma'a na cikin gari, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Da wani sashe nasa ya rufta a watan Agustan 2023 aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu, mutum nawa suka rage da suka san sirrin ginin bakan gizo da azara? Malamin da zai yi shekara uku yana bin tsofaffin magina yana rubuta abin da suka sani kafin su tafi, bai kamata ya zama ya yi asarar shekara uku a takardar ƙarin girma ba.

TETFund, wadda asalinta harajin ilimi ne na kashi 2 cikin ɗari da aka kafa a 1993 bayan yajin aikin ASUU na 1992, ta ware kaso tsayayye don buga fitattun kundaye da raya mujallun gida ƙalilan masu tantancewa ta gaskiya, maimakon kowane sashe da tasa mujallar da ba mai karantawa.

Na ƙarshe ya shafi ɓangarenmu na gwamnati. Bincike yana rayuwa ne in akwai mai tambaya. Malamin zaure yana da masu zuwa neman fatawa, Samaru ta da tana da ma'aikatar gona ta Jihar Arewa a bayanta. Yau sau nawa ma'aikata ke rubuta wa jami'a cewa ga matsalar ruwan sha a cikin birni, ga zaizayar ƙasa, ga yara na barin makaranta, a bincika mana? An fi son a ɗauko ɗan kwangilar ba da shawara daga Abuja a biya shi miliyoyi, shi kuma sau da yawa kundin wani ɗalibi zai nemo ya sake wa bango. In kowace ma'aikata a jihohin Arewa za ta fitar da tambayoyi biyar a shekara ta sa musu kuɗi kaɗan, ɗaliban digiri na biyu da na uku za su daina neman take a intanet.

Daga Ƙofar Doka zuwa babbar ƙofar jami'a a Samaru tafiya ce ta ƙasa da awa ɗaya a bas. Zaure yana da abin da zai koya wa Samaru, cewa sai an saurari mutum ake sanin malami ne. Samaru ma tana da abin da za ta koya wa zaure, cewa magana sai an gwada ta. Malamanmu na ABU, BUK, UDUS da sauransu da ke bibiyar shafin nan, ku gaya mana yadda abin yake a sashenku, musamman matasa da ke kan tsani yanzu. Wane aiki kuka so yi kuka bari saboda ba shi da maki?

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya ba mu ilimi mai amfani.